Giɓin Shekarar Sittin da Huɗu

Burdock, Kansas
Maris

'Yar gwaggo Lavonne,

Gaisuwa daga nan tudu zuwa can bakin ruwa. Ina fata sanyin garinku bai gama daskarar da ke ba, kuma gwiwar nan taki ta daina ƙara in kin durƙusa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Uwargida Twila tana gaishe ki, tana nan tana fama da kajinta da kuma ni. Likita ya ce jinina ya hau, na ce masa shi ma da zai yi shekara da shekaru yana zama kusa da Eldon Ratzlaff a coci, nasa sai ya fi nawa hawa. Alkama ta yi kore shar, in an samu ruwa a watan gobe za a ga abin arziki.

Kin san ba na rubutu sai da dalili. A aji bakwai na bar makaranta, har yau alƙalami ya fi mini garma nauyi. Kada kuma ki ce me ya hana ni buga waya. Tarakta ta cinye mini kunne tun tuni, in na kara wayar sai in ji kamar daga cikin rijiya ake magana.

Maganar kwalayen Arlo ce. An ce mini da aka kwashe gidansa bayan jana'iza ke aka tura wa komai, tunda ba wanda ya bari sai ke. Allah ya ji ƙansa, yayanki ne, ni kuma tare muka tashi, ba ni da bakin faɗin wani abu a kan mamaci. Amma gaskiya ba a binne ta tare da mutum. Arlo ya tafi da kayana a hannunsa.

Kin tuna littattafan talla da kamfanin Brandvold yake aiko mana duk shekara, masu hotunan ƙananan rokokin kwali da muke haɗawa mu harba a bayan rumbun Baba? Lokacin ke 'yar mitsitsiya ce, aikinki toshe kunne da kuka. To duk suna wurina, tun daga na sittin da ɗaya har na saba'in da tara da kamfanin ya rufe. Suna cikin akwatin katako da na yi musu da hannuna, a ɗakin da rana ba ta leƙawa, kuma ba na taɓa su sai na wanke hannu. Guda ɗaya ne babu, na sittin da huɗu, mai jan bango da rokoki uku a tsaye. Arlo ya ara wata Lahadi bayan an tashi daga coci, ya ce Laraba zai dawo da shi. Larabar nan ce ba ta zo ba har muka yi furfura. Duk haɗuwarmu sai na tambaye shi, shi kuma ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Yana nan, Verlin, ai ba shi da ƙafa."

Abin da ya tayar da maganar yanzu shi ne, bana a baje kolin gunduma na watan Agusta sun buɗe rukunin tsofaffin kayan tarawa, da shuɗin ƙyalle ga wanda ya zo na ɗaya. Na sa sunana. Eldon ma ya sa nasa. Mutumin da bai taɓa kunna wa roka wuta ba a rayuwarsa, sai da ya sayar da shagon taraktocinsa ya rasa abin yi, ya zauna gaban kwamfuta yana saye wa kansa yarinta. Shi yana da na sittin da huɗu, ko kuwa haka yake faɗa, don ba wanda ya taɓa gani. Kullum da safe a teburin kofi na rumbun ƙungiyar manoma sai ya leƙo fuskata ya ce, "Mai giɓi, haƙorin bai tsiro ba?" Su kuma sauran tsofaffin banza su hau dariya kamar yau suka fara ji.

Ba ƙyallen ne ya dame ni ba. So nake in jera kayana a teburin nan ba giɓi, in ga da wane baki Eldon zai yi magana. Ki duba mini kwalayen nan. Ba roƙo nake ba, kayana ne.

Ɗan kawunki,
Verlin

Kodiak, Alaska
Afrilu

Yaya Verlin, sarkin mita,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. A tsaye na karanta ta a bakin murhu, na yi ta dariya har ƙwan wani bawan Allah ya ƙone, na sake soya masa wani. Gwiwa tana nan da waƙarta, amma tana kai ni inda za ni. Ka gaida Yaya Twila, ka ce mata ladanta yana sama, ba kowace mace za ta iya da kai da kaji a lokaci guda ba. Masunta sun fara dawowa gyaran jiragensu, gidan abincin nawa ya fara cika, ni da mai dafa mini ba ma zama sai rana ta yi sanyi.

Kwalayen nan tun da aka kawo su ban iya buɗewa ba, na tura su ƙarƙashin bene ina wucewa ina kau da kai. Kai ka sa na buɗe, kuma na gode, don na sha kuka na huta. Rigunansa ne, da ƙugiyoyin kamun kifi, da agogon Baba da ya daina tafiya. A can ƙasan kwali na uku na ga wani abu a naɗe cikin rigar matashin Inna, irin mai furen nan da ta saƙa. Jan bango, rokoki uku a tsaye, sittin da huɗu. Ka ga bai yi maka ƙarya ba, yana nan, ba shi da ƙafa.

Na zauna na duba shi shafi-shafi. Ni dai ban ga abin da zai sa ƙato ya yi shekara hamsin yana gunaguni ba, bututun kwali ne da 'yar hula mai tsini. Amma ya tsufa, Yaya. Takardar ta yi laushi, gefe ɗaya ya fara lanƙwashewa, 'yan ƙarafan da suka riƙe tsakiyarsa sun yi tsatsa. Da na samu sarari zan aiko maka. Kafin nan ka sha maganin hawan jininka, kada Eldon ya ci gasa don ba abokin karawa.

Ƙanwarka,
Lavonne

Burdock, Kansas
Afrilu

'Yar gwaggo,

Na gaishe ki, na kuma gaishe ki. An yi mana ruwa mai kyau, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Twila ta amsa gaisuwarki, ta ce in faɗa miki kaji sun fi ni sauƙi, su aƙalla suna yin ƙwai.

Na karanta wasiƙarki a bakin akwatin wasiƙu, ban iya jira na shiga gida ba. Twila ta ce ta hango ni ta taga ina tahowa da sauri kamar an ce rumbu ya kama wuta. Ƙarya take, tafiyata ce ta kullum. A rigar matashin Gwaggo, kika ce? To aƙalla ya san darajarsa. Da ya san darajar mai shi ma da ya fi.

Kin ce ba ki ga komai a ciki ba. Ai ba za ki gani ba. Mu da muke kwance rub da ciki a kan buhunan iri muna lasar yatsa muna juya shafi, mu muka san abin da ke ciki. A tsakiyarsa akwai zanen yadda ake haɗa lamba goma sha biyu, wadda suke kira Shirwa. Mun haɗa ta da kwalin da muka samo a shagon magani, muka yi mata lema da ledar burodi. Ta tashi har ta ɓace mana, sai can muka ga lemar ta buɗe tana saukowa a hankali, ta sauka a cikin garken shanun maƙwabci. Arlo ne ya shiga ɗaukowa, bijimi ya rako shi har shinge. Ban taɓa ganin mutum ya yi tsalle irin na ranar ba.

Yanzu ki saurara da kyau, don na san halinki, kina karatu kina juya nama. Kada ki lanƙwasa shi. Kada ki bar shi kusa da murhu ko inda maiƙo zai taɓa shi. Babban abin da nake tsoro shi ne danshin garinku. Wasiƙarki ma da ta zo sai da na shanya ta a kan taga, ta yi tudu da kwari kamar gonar da ba a baje ba. Danshi shi ne ajalin takarda. Ki yi masa duk abin da kuke yi wa takarda mai muhimmanci a garin nan naku don kada ruwa ya ci ta, sannan ki sa shi tsakanin kwalaye biyu masu tauri ki aiko.

Ban yi niyyar faɗa wa kowa ba, amma jiya Eldon ya sake kawo zancen haƙori. Na ajiye kofina na ce masa haƙorin yana hanya, kuma na asali ne, wanda aka aiko wa yaro da sunansa, ba na roba da ake saye da tsufa ba. Eldon ya ce sai ya gani. Na ce zai gani har ya gaji. Da na ba Twila labari sai ta ce baki shi ke yanka wuya, in bari kaya su iso tukuna. Ita kullum sai ta zuba wa mutum ruwa a wuta.

Ki yi sauri, amma kada ki yi gaggawa.

Verlin

Kodiak, Alaska
Mayu

Yaya Verlin,

A gurguje nake rubutu, muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Na ji duk dokokinka. Ka kwantar da hankalinka, na ba shi yammacin Lahadi guda cur, na yi masa gyaran da ko cikin teku ya faɗa sai dai ya yi iyo ya fito. Ni kaina da na gama sai da na tsaya ina kallonsa, jan nan ya fito kamar sabo. Hazo ya rufe mu kwanakin nan, jirgin sama ba ya tashi da kaya sai 'yan wasiƙu in an samu sarari, don haka wannan za ta riga shi isa. Ka shirya wa Eldon ruwan sanyi.

Lavonne

Burdock, Kansas
Yuni

Lavonne,

Muna lafiya. An fara girbi. Iyakar gaisuwar ke nan, don ban da ƙarfin wadda ta fi haka.

Kaya sun iso. Da na karanta cewa ko cikin teku ya faɗa zai fito, na ɗauka naɗi kika yi masa mai kyau, har na ce wa Twila ashe yarinyar nan ta yi hankali da girma. Na wanke hannu da sabulu, na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na yanka bakin kwalin a hankali kamar likita mai fiɗa. Sai ga abu ya zamo ya faɗo a tebur ya yi ƙara kamar faranti.

Me na yi miki? Kin cire masa ƙarafansa. Kin raba shi shafi-shafi. Kin tura kowane shafi cikin injin nan mai zafi ya manne shi da leda gaba da baya. Kin huda gefensa, kin zura masa zobba. Zobba, Lavonne. Na juya shi na sake juyawa, na ce a ina na san wannan abu, sai na tuna: takardar jerin abinci ce ta gidan cin abinci, saura kawai a rubuta kuɗin ƙwai da dankali.

Na kai shi wurin matar da ke kula da ɗakin karatu na garinmu, na tambaye ta ko ana ɓarewa. Ta riƙe shi ta duba gefensa, sannan ta ce ledar ta riga ta zama ɗaya da takardar, in aka ja tawadar za ta biyo ta. Ta ce mini sannu, irin sannun da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa.

Tsatsar nan da kika gani, da laushin, da lanƙwasar, su ne shekarunsa. Su ake nema. Wa ya ce ki yi wa tsoho aski ki shafa masa mai? Garin neman gira kin rasa mini ido. Arlo ya riƙe shi shekara hamsin da ɗoriya bai yi masa ko ƙwarzane ba, ke yammacin Lahadi guda ya ishe ki. Ashe gidanku kowa da irin tasa baiwar.

Na daina zuwa teburin kofi. Na ce musu girbi ne ya riƙe ni, alhali kowa ya san gonar a hannun mai haya take. Ki faɗa mini da wace fuska zan jera wannan a gaban Eldon.

Verlin

Burdock, Kansas
Yuli

'Yar gwaggo,

Ina fata kina lafiya. Na ce ina fata, don ban sani ba. An gama girbi, alkama ta yi auki, har an kai ga ana zubawa a ƙasa don rumbu ya cika. Zafi ake yi mai narka kwalta. Ɗaya daga cikin kajin Twila ta mutu, ta tsufa dama.

Kullum ina zuwa bakin akwatin wasiƙu, ba don komai ba, likita ne ya ce in riƙa tafiya. Ba abin da nake samu sai tallar na'urar ji da takardun coci. Twila ta ce na rubuta miki abin da ba a rubuta wa ɗan'uwa. Na ce ba ta karanta ba. Ta ce ba sai ta karanta ba, ta ji yadda alƙalamin yake huda takarda daga ɗakin girki.

Ban janye ko kalma ɗaya ba, abin da aka ɓata an ɓata. Amma maganar gidanku da na yi, ai gidanmu ne, uwarki da ubana ciki ɗaya suka fito. In gwiwar ce ta kwantar da ke, ki sa wani ya rubuto. In kuma fushi ne, ki rubuto ki zage ni, na fi gane wannan. Daga ni sai ke muka rage waɗanda suka san inda rumbun Baba yake a da. Shirun nan ba na son sa.

Abin naki yana kan firiji, Twila ta ɗora shi can don ta ce ta gaji da ganina ina zagaya shi. Har yanzu ban san abin da zan yi ranar baje koli ba.

Ɗan kawunki,
Verlin

Kodiak, Alaska
Yuli

Yaya Verlin,

Ban mutu ba, gwiwa ma ba ta kwantar da ni ba. Kifin salmon ne ya shigo, garin ya cika da ma'aikata masu yunwa, mai dafa mini kuma ya bi jirgi ya bar ni da tukwane. Wannan rabin dalili ke nan. Ɗaya rabin, wasiƙarka ta Yuni na karanta na danne ta ƙarƙashin gwangwanin sukari, na ce ba zan amsa ba sai ranar da zan iya riƙe alƙalami ban karya shi ba.

Kai ka ce in yi masa abin da muke yi wa takarda mai muhimmanci. To abin da muke yi ke nan. A nan duk takardar da mutum yake so, leda yake manna mata, in ba haka ba kafin shekara ta zagayo ta yi baƙi ta ruɓe. Hoton jirgin marigayi mijina yana cikin leda. Takardar da Inna ta rubuta mini yadda ake burodinta tana cikin leda. Ban taɓa sa abin da na rena a injin nan ba. Ina yi ina tunanin yadda za ka ji daɗi, har na zaɓi zobba ja don su dace da bangon. Ban san ku tsatsa kuke tarawa ba. Da ka faɗa, da na aiko maka da tsohon angan jirgin ruwa ma.

Na yi baƙin ciki da na ɓata maka, wannan gaskiya ne, kuma na faɗa sau ɗaya ba zan maimaita ba. In ba ka so, ka dawo mini da shi. Zan ajiye shi a kan kanta, masunta su riƙa dubawa suna jiran abinci, aƙalla wani zai karanta shi. Amma kada ka ƙi zuwa baje kolin nan saboda Eldon. Yayan da na sani bai taɓa ɓuya a bayan girbin da ba nasa ba.

Ka gaida Yaya Twila, ka yi mata ta'aziyyar kaza.

Ƙanwarka, ko kana so ko ba ka so,
Lavonne

Burdock, Kansas
Agusta

'Yar gwaggo Lavonne,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da kina lafiya, ko da yake da kin rubuto layi biyu tun farko da ba a kai ga haka ba. Mu nan ƙalau. An yi yayyafi zafi ya ragu, Twila ta sayo 'yan tsaki, gidan ya cika da ƙara, wai, ni dai ba na ji.

Na je baje kolin. Ba don kin faɗa ba, dama na yi niyya. Da safe na tsaya a gaban firiji ina tunani, Twila ta ce abu biyu ne, ko giɓi ko haƙorin roba, in zaɓa mu tafi kafin burodinta ya huce. Na ɗauko shi. Da babu gara ba daɗi.

Na jera su a tebur ƙarƙashin gilashi, kowanne a shekararsa. Naki ya ƙi shiga, zobban sun hana gilashin rufuwa, dole na ajiye shi a waje, a kan gilashin, daidai inda gurbinsa yake. Yana ta ƙyalli kamar an shafa masa man alade, daga bakin ƙofa ana hango shi.

Eldon ya iso da jama'arsa ta teburin kofi. Ya tsaya, ya sa tabarau, ya cire, ya waiwaya hagu da dama ya ce, "Ina mai kawo abincin? A ba ni lamba goma sha biyu, da ƙwai biyu, kada a soya su da yawa." Aka yi dariya har da masu kayan saƙa na teburin gaba. Na ce masa abincin gidan nan sai mai haƙori, ya je ya nemi kunu. Ba ta kai tasa ba, na sani, amma ban tsaya shiru ba.

Sannan na je na ga nasa. Lavonne, ambulan ne. Ambulan ɗin da kamfanin ya aiko da shi tun wancan zamani, a liƙe, ba a taɓa buɗewa ba, an kulle shi cikin wani akwatin roba mai kauri. Ba abin da ake gani sai tambarin kamfani da kan sarki. Na tambaye shi ya aka yi ya san ba jaridar coci ce a ciki ba. Ya ce ni ban san komai ba, darajarsa ke nan, ranar da aka buɗe ta zube.

Alƙaliyar gasar ta yarda da shi. Ta daɗe a kan teburina, ta yaba akwatin da na yi, ta ce ba ta taɓa ganin na sittin da ɗaya mai tsabta haka ba. Da ta zo kan naki sai ta rufe ido kamar ta taka ƙaya. Eldon ya ɗauki shuɗin ƙyalle, ni da na zo na biyu aka ba ni ja. Mu uku ne a rukunin, ta ukun wata baiwar Allah ce mai tara maɓallan riga. Kada ki yi dariya, maɓallan suna da kyau.

Da rana na tafi kallon shanu don kada in ga Eldon yana yawo da ƙyalle a ƙirji. Da na dawo rumfar ta yi shiru, kowa ya tafi cin abinci. Sai na tarar da mutum a tsaye a teburina ya ba ni baya, ya sunkuya, ya buɗe naki a tsakiya yana bin zanen Shirwa da yatsa. Eldon ne. Na tsaya a bayansa har na gaji bai san na zo ba. Da na yi gyaran murya ya zabura, ya ce duba yake ya ga iyakar ɓarnar. Na ce ya duba da kyau, ɓarnar ta kai shafi talatin.

Sai ya ce shi bai taɓa ganin cikinsa ba. Ubansa ya hana shi tun yana yaro, ya ce ba mai wasa da wuta kusa da alkamarsa. Bangon kawai ya taɓa hangowa a hannun Arlo a motar makaranta. Ya ce ashe lemar a cikin bututun take naɗe, shi duk zamansa ya ɗauka a waje ake ɗaura ta. Mutumin da ya ci shuɗin ƙyalle ke nan.

Ya tambaya ko zai tafi da shi gida ya kwana biyu. Na ce ko bakin ƙofar rumfar nan ba zai kai shi ba. In yana so ya gani, ya san hanyar gidana, kuma ya zo da ladabi.

Ya zo ranar Alhamis, ya sake zuwa Alhamis ta bayanta. Yana zama a kujerata, yana cin burodin Twila kamar an aiko shi, yana yi mini tambayoyin da yaron goye ba zai yi ba. Yanzu wai so yake mu haɗa Shirwa kafin sanyi ya shigo, mu harba ta a gonar da aka girbe. Na ce sai na yi tunani. Na riga na samo kwalin, amma bai sani ba. A teburin kofi kuwa ba a ƙara zancen haƙori ba, wani ya ɗauko shi ranar nan, Eldon da kansa ya ce a sake magana.

Ban ce na yafe miki ba, kada ki karanta abin da ban rubuta ba. Kuma ba zan dawo da shi ba, masuntanki su karanta jerin abincinsu. Jiya Eldon yana juya shafi da hannu duk man shanu, ya miƙa zai nuna mini wani abu, ya ture kofinsa a kan shafi na tara. Ya miƙe tsaye fuskarsa ta yi fari, yana ta ba ni haƙuri. Na bar shi ya ba da haƙurin har ya ƙare, don ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba. Sannan na ɗauko tsumma na goge, na ce ya zauna ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ɗan kawunki,
Verlin